Tayar da Tsohuwar Land Cruiser 80, Daga Ƙarƙashi

6 ga Janairu

Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar 80, 'yar shekarar 1994, mai injin dizal 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, babu turbo. Giyarta ta hannu ce mai biyar. Ogzilarinta kuma irin wanda direba ke sawa da kansa ne, a kan kwalta ƙafafun baya kaɗai ke ja, na gaba sai an kulle hob, wato cibiyar taya, an ja ƙaramin liba. Mita ta haura kilomita 300,000. Toyota ta fito da wannan ƙira a 1990, ta ci gaba da ƙera ta a Japan har 1997. Abin da ya sa na nace sai ita shi ne ƙafafunta. An rabu da sufurin mai falle-falle na ƙirar 60, an koma mai naɗi a kusurwa huɗu, amma aka bar aksul na gaba da na baya duk sanda guda. Ga taushin tafiya, ga ƙwari, ga inji da babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa.

Yau ban kwance ko noti ɗaya ba. Wankin ƙarƙashi kawai na yi da ruwa mai ƙarfi, na bar ta ta bushe, sannan na shiga da fitila da takarda. Sai an wanke ake bambance inda mai ke fitowa da inda yake sauka, don iskar tafiya kan kwaso shi daga gaba ta shafe baya da shi. Bayan ƙafafun gaba duka biyu sun jiƙe da baƙin maiƙo. Saman lagireto ya dafe, ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ƙasa. Hambirki ana jan sa har ƙarshe ba ya riƙe komai. Tayoyi suna da sauran zane, amma lambar da ke gefensu ta nuna sun haura shekara goma.

Ƙanena da ke taya ni aikin ya ce, "Yaya, yaushe za mu ɗaga ta mu sa mata manyan tayoyi?" Na ce masa sai ranar da ta iya tsayawa in an taka birki, ta bi inda aka juya ta, ta kuma hau tudu ba ta tafasa ba. Bamba da winci da fitilun sama duk suna ƙarshen takarda.

13 ga Janairu

Kafin in zuba wahala a ƙafafu sai na san ko injin ya cancanta. Na zare hita shida, masu ɗumama silinda kafin a tayar da inji, na auna matsin kowace silinda injin yana da ɗumi. Littafin gyara ya ce lafiyayyen 1HZ kan ba da kilo 37 a kan murabba'in santimita, kada ya gaza 27, kada kuma tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ta wuce 5. Nawa duka sun haura 30, kuma sun yi kusa da juna. Wannan kusancin ya fi lambar kanta kwantar mini da hankali, don yana nuna tsufa ne na bai ɗaya, ba ringin da ya karye a wuri guda ba.

Ratar bawul da sanyi ake auna ta: na shiga milimita 0.15 zuwa 0.25, na fita 0.35 zuwa 0.45. A wannan injin ba noti ake juyawa ba, 'yan fayafayan ƙarfe ne masu kauri daban-daban ake musanyawa. Biyu daga cikin na fita sun matse. Bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shi ya sa ake mantawa da shi, alhali shi ne ke ƙonewa, don ba ya zama daram a mazauninsa ya sauke zafin da ya kwaso.

Bel ɗin tayimin, mai daidaita motsin bawul da na fistin, ban tsaya neman tarihinsa ba. Ana canza shi duk kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. Na sa sabo, haɗe da borin da ke ɗame shi da sufurin ɗinsa.

27 ga Janairu

Babu abin da ke kashe 1HZ kamar zafi. Injin yana jure lodi, yana jure ƙura, yana jure man da ba shi da kyau fiye da 'yan zamani, amma in ya tafasa tof ɗinsa kan tsage a kusa da ƙananan ɗakunan da mai ke fara kamawa. Abin da ya ƙara sa ni taka-tsantsan shi ne halin gejin zafi na wannan ƙira: allurarsa kan zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Direban da ya dogara da ita kaɗai, labari ne zai same shi bayan an gama.

Saboda haka na kwance komai na sanyaya inji a lokaci guda. Lagireto sabo, don robar samansa ta yi laushin da farce ke kankare ta. Famfon ruwa sabo. Tiyo na sama da na ƙasa, har da ƙananan da ke ɓuya a bayan inji suna zuwa hitar cikin mota, waɗanda ba wanda ke kallo sai sun fashe a daji. Murfin lagireto ma na canza, don shi ke riƙe matsi, matsi kuwa shi ke hana ruwa tafasa da wuri.

Da na buɗe gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, wayam. Wani ya cire shi tuntuni, da tunanin hakan zai sa injin ya huce. Ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, mai ba ya ƙonewa sarai, silinda na ci, ainihin abin da ya jawo zafin kuma yana nan ba a taɓa shi ba. A nan ainihin abin fanka ce. Fankar wannan mota ba a ɗaure take kai tsaye ba, akwai kuloci a tsakiyarta mai man silikon, da ɗan naɗin ƙarfe a fuskarsa wanda ke buɗewa in iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi. In man ya tsiyaye, fanka za ta yi ta juyawa ido na gani, amma ba ta jan iska. Tawa ko injin ya yi zafi, ana kashe shi sai ka ga tana ta walagigi ita kaɗai. Na sa sabon kuloci. Yanzu in ya kama, gurnaninsa har cikin mota ake ji.

Na cika da ruwan sanyaya inji rabi, tataccen ruwa rabi. Na kuma dasa wani gejin mai nuna lamba, don in riƙa ganin hawa da saukar zafi tun yana ƙarami.

10 ga Fabrairu

Aikin aksul na gaba, wanda duk mai irin wannan mota sai ya yi shi ko ba daɗe ko ba jima.

Ga yadda abin yake. A kowane ƙarshen aksul akwai ƙwallon ƙarfe, a cikinsa haɗin Birfield yake, shi ke ba taya damar ja tana kuma juyawa hagu da dama. Birfield giris yake so, dif kuma, wato kumburin tsakiyar aksul mai raba ƙarfi ga ƙafafu biyu, man giya. Abin da ya raba su oyilsil ne guda ɗaya ɗan ƙarami a bakin bututun aksul. In ya ci, man giya sai ya tsallako ya narkar da giris, giris ɗin ya koma ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan ƙafa, wani kuma ya koma cikin dif ya ɓata mai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙin maiƙon da na gani ran farko ke nan.

Na fara da hagu. Hob yana da 'yan wasoshi masu siffar mazurari da ke maƙale wa kowace ƙusa, ba sa fita da ja, sai an ɗora tagulla a kan ƙusar an buga, su yi tsalle da kansu. Daga nan manyan noti biyu masu cin soket 54, sai hob ya zamo da boris ɗinsa. Da na cire sandar da boris ke hawa, abin da ya kwararo ba giris ba ne, wani ruwa ne toka-toka mai warin man giya, ya cika kwanon da na tara. Birfield ba ya fitowa yadda aka ga dama. Yana da gefe biyu a shafe, sai an juya shi ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, sannan ya zaro da doguwar sandarsa.

Na wanke shi tas, na karkata kejin na fito da ƙwallayen shida ɗaya bayan ɗaya, na bi hanyoyinsu da ɗan yatsa. Akwai ɗan gurbi a gefe guda inda suka saba dannawa, amma babu tsaga, babu ɓantarewa. Wannan gurbin ne ke sa a ji ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana da ogzilari. Masu irin motar sukan musanya na hagu da na dama, don ƙwallayen su koma danna gefen da bai ci ba. Haka na yi.

Boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansu, na sama da na ƙasa, su ne suka fi ba ni tausayi. Ba sa zagayawa kamar na taya, rayuwarsu duka a ɗan wuri guda suke kai da komowa, kowane rami kuma a kansu yake sauka. Mazauninsu ya yi layi-layi, kana shafawa kana jin tudu da kwari. Shi ya sa sitiyari ke da wurin da yake maƙalewa a tsakiya.

Abin da ya ci oyilsil ɗin ma na gano shi. Dif yana da ɗan hancin numfashi a samansa, nawa laka ta toshe shi ta bushe. In mai ya yi zafi iska ta kumbura ba ta da mafita, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni. Wanda ya canza oyilsil bai buɗe hancin nan ba, zai sake wannan aikin ba da jimawa ba.

12 ga Fabrairu

An mayar da komai. Sabon oyilsil sai an shigar da shi a miƙe, kuma wajen zura sandar aksul sai an tallafe ta, kada nauyinta ya yage leɓensa tun ranar farko. Ɗaurin boris ɗin juyawa da sikelin rataye ake gwada shi: a maƙala a hannun sitiyari a ja, ƙafar ta fara motsi tsakanin kilo 2.5 da 4.5. In bai kai ba ko ya wuce, sai a rage ko a ƙara siraran fayafayan da ke ƙarƙashin murfin sama. Giris mai moli, wato sinadarin molybdenum, na cika wa Birfield, ƙwallon kuma kashi uku cikin huɗu.

Ƙusoshi huɗu da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan ƙafar dama na ɗaure su da ma'auni, na ɗiga wa kowanne fenti. In suka saki a kan hanya, mota ta rabu da sitiyari ke nan. Da fentin, kallo ɗaya ya isa in san ko sun motsa.

2 ga Maris

Birki. Fad sababbi gaba da baya, tiyoyin roba duka sababbi don sun fara tsattsagewa, man birki kuma na zuƙe tsohon gaba ɗaya. Man birki yana shan danshi, wanda ya sha kuwa yakan tafasa a doguwar gangara, feda ta tafi ƙasa babu komai. Hambirki ashe 'yan libobin da ke bayan ƙafafun baya ne tsatsa ta cinye suka ƙame. Na kwance, na goge, na shafa giris. Yanzu yana riƙe ta a gangare.

16 ga Maris

Ƙanena yana murɗa sitiyari hagu da dama mota a tsaye, ni ina ƙasa ina kallon kowane haɗi, sai na ga wani siririn layin tsatsa a jikin shasi, dab da inda akwatin sitiyari yake ɗaure, yana buɗewa yana rufewa. Wurin yana shan wahala, don duk ƙarfin juya taya a nan yake taruwa, ga shekara talatin na ramuka.

Wannan ya fi ƙarfina, sai na kai wa wani dattijon mai walda. Na ce, "Baba, a bi layin nan da wuta kawai?" Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Tsaga tafiya take yi. In ba ka tare gabanta ba, ta ƙarƙashin waldar za ta bi ta wuce." Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya nemo ƙarshen tsagar biyu ya huda kowanne da ƙaramin dirili, ya fafe layin, sannan ya cike. A kai ya ɗora faranti mai zagayayyun kusurwoyi, bai kuma ja walda a tsaye daga saman shasi zuwa ƙasa ba, don a cewarsa nan ne sabuwar tsaga za ta samo asali. Mun cire kan batir kafin a kunna wuta. Daga baya na shafe wurin da fenti ciki da waje.

30 ga Maris

Fita ta farko, da tsayinta na asali da sababbin tayoyi masu girman da na same ta da su, 265/75R16. Da gangan na ƙi ƙara komai, ina so in san abin da motar ke iyawa ita kanta.

Busasshen rafi ne mai yashi mai laushi. Na shiga da iskar taya ta kwalta, awo 35 na psi, ba mu yi nisa ba ta fara nitsewa, inji na kuka, zafi na hawa. Na ɗaga ƙafa tun kafin ta haƙa wa kanta rami. Muka sauke iska zuwa 18. Ƙanena ya tsuguna yana kallon tayar, ya ce bai ga ta ƙara faɗi sosai ba. Gaskiyarsa, ba faɗi take ƙarawa ba, tsawon tafinta ne ke ƙaruwa gaba da baya, nauyi ya bazu, taya ta daina tura tudun yashi a gabanta ta koma hawa kansa. Na ɗan ja baya a kan sawuna, na sa giya ta uku a ƙaramin ogzilari, ta tashi sumul ba tare da na danna totur ba. Lambar zafi ma ta sauko, don injin ya daina dambe.

Taya mai ƙarancin iska tana da sharuɗɗanta. Ba a karya kwana da ƙarfi, don bakinta kan iya sauka daga kan wili. Ba a taka birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa kawai ya isa yashi ya tsayar da kai. Kuma ba a hawa kwalta da ita a haka, gefenta zai yi ta lanƙwasa yana zafi har ya lalace daga ciki. Famfon iska mai aiki da batir da geji mai kyau, a ganina, sun fi duk wani ƙarfen da za a ɗaura wa motar amfani.

A bakin kwalta muka tsaya muka mayar da iska, na fitar da ogzilari na buɗe hob. Irin wannan ogzilarin ba shi da dif a tsakiya, gaba da baya a ɗaure suke, in aka bi ƙasa mai riƙo da shi farfela da giya ne za su yi ta murɗuwa.

20 ga Afrilu

Yanzu ne lokacin ɗagawar ya yi, kuma milimita 50 kawai na yarda. Tsofaffin sufurin sun riga sun zauna, bayan hagu ya fi sauka, shokozoba biyu sun tsiyaye, dole ne dama a canza su.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A mota mai aksul sanda guda, ɗaga sufurin ba ya ɗaga dif ko da kaurin takarda. Bodi da shasi ne ke hawa, dif yana nan inda yake, shi ne kuma ke fara taɓa ƙasa a cikin sawun manyan motoci. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Daga 265/75R16 zuwa 285/75R16, tsayin taya ya tashi daga kusan milimita 804 zuwa 834, ribar da dif ya samu rabin wannan ne, milimita 15. A kan wannan ɗan abin, gejin gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 4 cikin ɗari, birki zai ƙara wahala, inji kuma zai ji a kowane tudu. Na karɓi wannan cinikin. Na taya mai inci 35 kuwa ban karɓa ba. Ƙarfin 1HZ wajen doki 130 ne kawai, yana jan motar da ta haura tan biyu, dif ɗinta 4.1 ne, wato farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wanda ya sa mata inci 35 sai ya canza haƙoran dif, sai ya yanke bodi, sai ya riƙa tafiya da Birfield na ajiya.

Maganar ɗora turbo ma na rufe ta. Injin yana da matsi sama da 22 bisa 1, fistin ɗinsa kuma ba irin na ɗan'uwansa 1HD-T ba ne da aka ƙera don turbo tun daga tushe. Ana yi, wasu kuma suna daɗewa da shi in sun riƙa lura da zafin hayaƙi, amma ni abin da na saya shi ne injin da zai kai ni ya dawo da ni, ko da a hankali.

4 ga Mayu

Kowane ƙari da bashinsa, kuma na ɗagawa ya zo karɓa. A kan kwalta motar ta fara yawo, sitiyari ya yi sakayau, bayan kwana ba ya komowa tsakiya da kansa. Dalili shi ne hannuwa biyu da ke riƙe aksul na gaba. Da shasi ya hau, sai suka sunkuya suka murɗa aksul ɗin gaba, kwanciyar da ƙafa ke da ita zuwa baya, wadda asalinta kimanin digiri 3 ce, ta ragu. Wannan kwanciyar ce ke sa mota ta miƙe da kanta. Na sa bushin masu rami a gefe, waɗanda ke mayar da aksul mazauninsa. Sai an yi alama da kyau kafin a danna su, in aka juya su baibai matsalar ninkuwa za ta yi.

Bashi na biyu a birkin baya yake. Akwai wani bawul a jikin shasi mai doguwar sanda zuwa aksul na baya, aikinsa ya gane nauyin kaya: in mota ta zauna ya ƙara wa baya birki, in ta tashi ya rage. Da aka ɗaga ta, sai ya ɗauka babu kaya ko kaɗan, ya janye birkin baya, na gaba suka koma yin aikin su kaɗai. Na ɗaga mariƙin sandar daidai da abin da aka ƙara. Na kuma ɗaga motar ta shasi har ƙafafu suka rataya, na tabbatar tiyoyin birki ba su ɗame ba.

25 ga Mayu

Shirin ruwa. Na ja siraran tiyo daga hancin dif na gaba da na baya, da na giya da na ogzilari, na kai su can saman ɗakin inji da 'yar matata a baki. Dif mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa kan tsuke nan take ya zuƙo abin da ke kusa. In hancin yana ƙarƙashin ruwa, ruwa zai sha.

Na sa bututun shaƙar iska mai hawa gefen gilashi. Huda fenda bai yi mini daɗi ba, amma injin dizal ba ya yafe ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, ɗan kaɗan in ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Bututun ba shi da amfani in haɗe-haɗensa na yoyo, don haka bayan na liƙe ko'ina na gwada: inji na aiki a hankali, na toshe bakin da faifan katako, nan da nan ya shaƙe ya mutu. Da ya ci gaba da aiki, da akwai inda yake satar iska.

15 ga Yuni

Mun fita mota biyu bayan an yi ruwa. A mashigin farko na sauka na taka da ƙafa, da sanda a hannu, ina neman rami da dutse da inda za mu fita a wancan gefen. Ƙa'idata ita ce ruwan da ba zan iya ratsawa da ƙafa ba saboda ƙarfinsa, mota ma ba za ta shiga ba. Wannan ya tsaya a gwiwa, ƙasansa tsakuwa. Muka ɗan jira ƙarfe ya huce, na ɗaura tamfol a gaban lagireto don kada fanka ta kama ruwa ta lanƙwashe ta ci shi. Giya ta biyu a ƙaramin ogzilari, tafiya ɗaya ba ƙari ba ragi, ruwa ya taru a gaban bamba yana tafiya tare da mu. Ba a taɓa kuloci a tsakiyar ruwa. Da muka fita na ɗan riƙa taka birki har ya bushe.

Gaba kaɗan akwai kwazazzabo da ya ratsa hanya a karkace. Nan na ga amfanin sufurin mai naɗi: ƙafar gaba ta dama ta shige can cikin fenda, ta hagu ta zube ƙasa, duk da haka tana taɓawa. Amma a tsakiya sai ƙafa ɗaya a gaba da kishiyarta a baya suka yi sauƙi a lokaci guda, suka kama juyawa a banza. Halin dif ke nan in ba shi da makulli, ƙarfi yakan gudu ta ƙafar da ba ta da riƙo. Na ɗan ja hambirki kaɗan, ƙafar baya mai juyawa ta sami abin turawa, ɗayar ta karɓi rabonta, muka haye. Manyan yatsu a waje da da'irar sitiyari, don in taya ta bugi dutse yakan fizge.

Taɓo ne ya kama mu a ƙarshe, har dif ya zauna. Abokin tafiyarmu ya zo zai rataya igiya a kan ƙwallon jan tirela na motarsa, na hana. Ƙwallon nan ba a yi shi don fizga ba, in ya ɓalle igiyar za ta harbo shi da ƙarfin da ya kashe mutane a wurare da dama. Haka ma 'yan kunnuwan da ake ɗaure mota da su a kan jirgi. Muka ɗaura a mariƙan da aka ƙulle a jikin shasi. Kafin ja sai da muka yi haƙa, muka buɗe gaban kowace taya da ƙarƙashin dif, don taɓo tsotsa yake yi, in iska ba ta shiga ƙasan mota ba nauyinta ninkuwa yake. Muka yafa tsohon bargo a tsakiyar igiyar, kowa ya ja da baya fiye da tsawonta. Igiyar nailan ce mai miƙewa, ita ke tara ƙarfin ta saki a hankali, don haka ba a bukatar gudu. Ya taho sannu, igiya ta ɗame, na taimaka da giya ta biyu, ta fito.

29 ga Yuni

Binciken bayan dawowa. Na wanke laka daga cikin shasi da bayan wili da tsakanin haƙarƙarin lagireto, inda in ta bushe take toshe iska. Na buɗe magudanar kowane dif kaɗan: mai ne ya fara fitowa, garau, babu ɗigon ruwa, bai kuma yi fari ba. Bayan ƙafafun gaba a bushe. Alamun fenti suna nan inda na bar su, waldar shasi ba ta motsa ba. Na bi duk kan giris na farfela na tura sabo har tsohon ya fito da ruwan da ya ɓuya. Boris ɗin ƙafar gaba ta hagu ya ɗan yi wasa bayan ya zauna, na sake ɗaure shi.

Abu biyu suka fito a tafiyar. In an daɗe ana hawa da kaya tana baƙin hayaƙi fiye da yadda nake so, matatar iska kuwa sabuwa ce, don haka zan zare nozul shida masu fesa mai cikin silinda in kai a gwada feshinsu da matsin da suke buɗewa. Na biyu, bushin ɗin sandar da ke riƙe aksul na baya daga zamewa gefe sun fara ƙara.

Makullin dif na baya ya hau saman takarda, ya wuce winci. Abin da ya faru a kwazazzabon ya nuna mini da shi zan riƙa hawa irin wurin a hankali ba tare da ƙafa ta yi juyin banza ta dawo ta cafki ƙasa ba, wanda shi ne ke fasa Birfield. Kafin nan zan kai ta sikeli da tanki cike da kayan tafiya, in gwada da nauyin da aka rubuta a farantin jikinta, in ga abin da ya rage mini kafin in ƙara mata ko kilo ɗaya na ƙarfe.